Yadda ake siffanta kwastoma da Turanci ba tare da an ci mutuncinsa ba

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da masu saye, ko a banki ne, ko kamfanin waya, ko otal, ko kuwa yana harkarsa ta intanet da mutanen ƙasashen waje, wata rana sai an ce ya faɗi wane irin mutum ne wani kwastoma, kuma da Turanci. A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Ba don ba sa jin Turancin ba, sai don kalmomi huɗu kawai suke ta juyawa: "good", "bad", "stubborn" da "troublesome". Biyun farko ba sa faɗa wa kowa komai. Biyun ƙarshe kuwa, ranar da wanda aka rubuta su a kansa ya gani, sai an yi zaman ban haƙuri.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, kusan kowane hali yana da suna biyu a Turanci, ɗaya na mutunci, ɗaya na cin fuska. Mu ma haka abin yake a wajenmu, mutum ɗaya ne za a kira mai tattali a gabansa, a kira shi marowaci a bayan idonsa. Sai dai a Hausa kunnenka ya san nauyin kowace kalma tun kana yaro, a Turanci kuwa sai ka zauna ka koya. Don haka kowace kalma za ka ɗora wa mutum, ka auna ta da tambaya biyu. Idan abokin aikina ya karanta ta, zai san abin da zai yi ranar da mutumin ya dawo? Kuma zan iya karanta ta da ƙarfi mai ita yana tsaye a gabana? Wadda ta faɗi a ɗaya daga cikin biyun, a nemi wata.

Mataki na 1: Ka daidaita sunan kafin sifa

"Customer" shi ne na gama-gari, wanda ya ba da kuɗi ya karɓi kaya ko aka yi masa hidima. "Client" na wanda ake yi wa aikin ƙwarewa ne, kuma hulɗar takan ɗauki lokaci: lauya, akanta, mai zanen gini da mai karɓar aiki a shafin intanet irin Upwork, duk "clients" gare su. "Consumer" shi ne mai amfani da kayan a ƙarshe, an kuma fi jin kalmar a rahoto da takardun doka. Uwar da ta sayi madarar gwangwani "customer" ce, jaririn da ya sha shi ne "consumer". Daga nan kowace sana'a da nata: otal "guest", jirgi da mota "passenger", asibiti "patient", kamfanin waya "subscriber", banki "account holder", inshora "policyholder". Kiran majinyaci "customer" a takardar asibiti yana sa a ji kamar aljihunsa kawai ake kallo.

Akwai wata al'ada tamu da ba ta ƙetare teku. A Kantin Kwari ko Sabon Gari mai saye yakan ce bari ya je wajen kwastomansa, alhali mai shagon da ya saba saye a wurinsa yake nufi. A wajenmu kalmar tana zuwa tana dawowa. A Turancin Ingila da Amurka hanya ɗaya take bi, mai biya ne kaɗai "customer". Wanda kake saro kaya a hannunsa "supplier" ne, ko "vendor". Ka kuma kula da rubutu: "costumer", mai "o" a gaɓar farko, mai ɗinka ko ba da hayar kayan wasan kwaikwayo ne, kuma kwamfuta ba za ta ja maka jan layi ba, tunda ita ma kalma ce.

Mataki na 2: Ka faɗi matsayinsa a wurinku

Wannan rukuni ba shi da rigima, domin tarihi yake bayarwa, ba hukunci ba. Wanda bai taɓa saye ba amma ana sa rai da shi "potential" ne ko "prospective customer". Wanda ya zo karon farko "new" ko "first-time". Wanda sunansa ke cikin littafinku "existing". Wanda ya sake dawowa "returning" ko "repeat". Wanda ya faɗo shago babu alƙawari "walk-in". Wanda kuka daɗe tare "long-standing".

Biyu ake yawan cakuɗawa, "regular" da "loyal". Mutumin da yake sayen burodi a wurinka kowace safiya don shagonka ne a bakin layinsu, "regular" ne. Ranar da aka buɗe wani shago da ya fi kusa, ko ƙeyarsa ba za ka ƙara gani ba. "Loyal" shi ne wanda ya ga mai araha a hanya, ya wuce shi ya zo wurinka. In ka riƙa rubuta "loyal" a kan duk mai yawan zuwa, kana ba maigida kwanciyar hankalin da bai kamata ya samu ba.

Waɗanda suka bar ku su ma suna da sunaye. "Former" ya tafi ke nan. "Lapsed" ya ɗauke ƙafa ne, amma ana iya jawo shi. Kamfanonin waya da na intanet kan ce "churned". A banki, "dormant" asusu ake siffantawa da ita, ba mutum ba, sai ka ce "a dormant account". Masu talla kuma suna kiran wanda suke sa ran jawowa ya saya "lead", su raba shi uku: "cold" bai san ku ba tukuna, "warm" ya yi tambaya, "hot" hannunsa na aljihu.

Ta fuskar girman ciniki akwai "key", "major" da "high-value". Ɗan sari "wholesale customer" ne, mai sayen ɗai-ɗai "retail", kamfani "corporate client", mutum shi kaɗai "individual". "Big man" kuwa ka bar ta a bakin shago.

Mataki na 3: Ka dubi yadda yake da kuɗi

A nan ne bakin mutane ya fi kuɓucewa. Wanda ke lura da farashi "price-conscious" ne. Wanda ƙarin naira ɗari zai sa ya fasa "price-sensitive". Wanda ya zo da iya abin da zai kashe, ba zai wuce ba, "budget-conscious", ko ka ce "on a tight budget". Duk waɗannan ana iya faɗinsu a gabansa. "Thrifty" da "frugal" yabo ne na tattali. Amma "stingy", "tight-fisted" da "miserly" rowa ce tsantsa, babu inda za ka sa su a takardar aiki.

Ka yi hattara da "cheap". In ka ce kaya "cheap", araha kake nufi, wani lokaci har da rashin inganci. In ka ce mutum "cheap", Ba'amurke zai ji ka ce masa mai maƙo. "Mean" ma haka take da fuska biyu: a Ingila takan nufi rowa, a Amurka mugunta. "Economical" mai tsimi ne, "economic" kuwa tattalin arzikin ƙasa ta shafa, ba a siffanta mai saye da ita.

Mai son tayi, irin wanda sai an yi albarka sau biyar kafin a sallama, kada ka rubuta shi a matsayin matsala. A wurinmu tayi shi ne ciniki. Ka ce "likes to negotiate", ko "drives a hard bargain" idan gwani ne, kuma wannan har da ɗan yabo a ciki. Mai bin rangwame duk inda yake "bargain hunter" ne. Wani abu da ke rikita baƙi: idan ɗan Najeriya ya ce "he priced it", ya taya yake nufi, amma Bature zai ɗauka shi ne ya sa wa kayan farashi. Ka ce "he made an offer" ko "he asked for a discount".

Wanda ya gani ya saya nan take, babu shiri, "impulse buyer". Mai sakin hannu "big spender". Mai bin sunan kamfani "brand-conscious". Mai shigowa ya zagaya ya fita "window shopper", shi kuma da bakinsa "just browsing" zai ce maka.

Sai maganar biya, wadda ita ce mai shago ya fi buƙatar sani. "Prompt payer" mai biya a kan lokaci. "Slow payer" ko "late payer" yana biya, amma sai an bi shi. "In arrears" bashi ya taru a kansa, lokaci ya wuce. "Defaulting" ya saɓa yarjejeniya, kuma kalma ce mai nauyi, kada ka ɗora wa wanda ya makara da kwana biyu. "Creditworthy" wanda za a iya ba bashi hankali kwance. Maimakon "poor" ana cewa "low-income", maimakon "rich" ana cewa "affluent" ko "well-off", bankuna kuma su ce "high-net-worth".

Mataki na 4: Ka raba yanayin yau da halin kullum

In da mataki ɗaya za ka ɗauka a duk wannan bayani, to wannan ne. Mutum ya zo ransa a ɓace don an cire masa kuɗi sau biyu, ba mafaɗaci ba ne, an ɓata masa ne. Da yawa daga cikin waɗanda ake rubutawa "difficult" masu haƙuri ne da aka kai bango. Turanci yana raba waɗannan da gini mai sauƙi. "He is rude" hukunci ne a kan mutumin gaba ɗaya. "He was rude on the phone today" labarin abin da ya faru ne. "She seemed worried" da "he sounded annoyed" sun ma fi sauƙi, domin suna nuna abin da ka gani ko ka ji ne, ba ka shiga zuciyar mutum ba.

Kalmomin yanayi hawa-hawa ne. Ta wajen daɗi: "satisfied" ya gamsu, babu ƙorafi, amma ba wani abin murna ba, "pleased" da "happy" sun ɗara, "delighted" shi ne wanda zai je ya ba da labarinku. Ta wajen ɓacin rai, daga ƙasa: "concerned" yana da damuwa, "disappointed" ya sa rai bai samu ba, "dissatisfied" bai gamsu ba, kuma ita aka fi so a rahoto, "frustrated" ya gwada ya sake gwadawa abu ya ƙi, ya gaji, "upset" ransa ya sosu, "annoyed" ya ji haushi, "angry" ya yi fushi, "irate" da "furious" ya hau sama. A ganina "frustrated" ce kalmar da ta fi yi wa ma'aikaci amfani a duk jerin nan, saboda tana ɗauke da cewa akwai dalili, tana kuma tura mai karatu ya nemi dalilin. "Angry" mutumin kawai take nunawa da yatsa.

"Mad" kuwa ka rabu da ita kwata-kwata. Ba'amurke yana cewa "the customer is mad" yana nufin ya yi fushi. Kai in ka faɗa a Kano ko Kaduna, ka ce wa mutum mahaukaci.

Akwai tarko a ƙarshen kalma da ke juya magana baki ɗaya. Sifar da ta ƙare da "-ed" abin da mutum yake ji ne, wadda ta ƙare da "-ing" abin da yake sa wasu su ji ne. "An annoyed customer" an ba shi haushi. "An annoying customer" shi ne mai ban haushi. "A confused customer" bai gane ba, yana buƙatar bayani. "A confusing customer" shi ke rikita mutane. "Interested" yana da sha'awar kayan, "interesting" shi kansa abin kallo ne. Haruffa biyu ko uku ne tsakaninsu, amma ɗaya ƙorafinsa ka rubuta, ɗaya kuma naka.

Yanzu ga halin kullum, inda kowace kalma take da kishiya. Mai tsantseni wajen zaɓe, wanda zai juya shadda ya duba ta a haske kafin ya taya, "discerning" ne idan ana girmama idonsa, "particular" idan ana faɗa ba yabo ba fallasa, "fussy" ko "picky" idan an gaji da shi. A aiki ka tsaya a "particular", ka kuma faɗi a kan me: "particular about colour". Mai son a yi masa komai daidai "demanding" ne, ana karɓarta tsakanin ma'aikata, amma "has high expectations" ta fi tsabta. Mai tsayawa a kan haƙƙinsa "assertive", in ya wuce gona da iri "pushy". Wanda ba ya gajiya da bibiya "persistent", kuma ita ce ya kamata ta maye gurbin "stubborn" a bakinka, domin "stubborn" taurin kai ne, ta fi kama da abin da ake faɗa wa yaro. Mai taka-tsantsan "cautious". "Suspicious" kuwa tana da haɗari, domin "a suspicious customer" na iya nufin mai zargin ku, na iya kuma nufin wanda ku kuke zargi. Wanda bai yanke shawara ba yau "undecided", wanda kullum ba ya iya yankewa "indecisive". Mai faɗar magana kai tsaye "direct", in babu sakaya ko kaɗan "blunt", in da rashin ladabi "rude". Mai yawan hira "chatty" ko "talkative". Wanda ya san kayan "well-informed" ko "knowledgeable". "Know-it-all" zagi ne.

Wanda bai iya manhajar banki ba, kada ka kuskura ka rubuta "ignorant" ko "illiterate". Ka ce "unfamiliar with the app" ko "needs help with the app". Dattijon da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta lissafinsa da ajami, ba jahili ba ne don bai san inda ake dannawa ba. Shi ma "old" ka musanya da "older" ko "elderly", kuma sai idan shekarun sun shafi hidimar. Akwai kalma ta musamman, "vulnerable". Hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi a Birtaniya ta fitar da jagora a kanta a 2021, tana nufin wanda rashin lafiya, ko wani babban abu kamar rasuwa ko rasa aiki, ko ƙarancin abin hannu, ko ƙarancin sani ya sa cutuwa za ta fi saurin samunsa. In kana amsa waya wa kamfanin can, wannan kalma umarni ce na a ƙara kula, ba raini ba.

Na kirki su ma a ba su haƙƙinsu. "Nice" ba ta da ƙarfi, kowa "nice" ne. Akwai "polite" da "courteous" ga mai ladabi, "patient" mai haƙuri, "understanding" mai uzuri, "easy-going" mai sauƙin kai, "cooperative" mai ba da haɗin kai, "appreciative" mai godiya, "reliable" mai cika alƙawari. Kada ka haɗa "sensible", mai hankali, da "sensitive", mai saurin jin zafin magana.

Mataki na 5: Ka zaunar da kalmar a jimla

Sifa tana gaban suna, kuma ba ta ɗaukar jam'i: "loyal customers", ba a ƙara wa "loyal" komai. Idan sautin farko wasali ne sai "an": "an angry caller", "an existing client", "an honest buyer", domin ba a furta "h" ɗin. Idan sifa biyu ce, ra'ayi ke gaba, nau'i ya manne da suna: "a loyal corporate client", "a demanding new guest". Fiye da biyu a jere ya yi yawa.

Kowace sifa tana da ƙaramar kalmar da take tafiya da ita, kuma haddacewa ake yi: "satisfied with", "pleased with", "interested in", "loyal to", "worried about", "angry about" abu, "angry with" mutum.

Wajen ƙarfi da sassauci, "a bit" da "slightly" suna ragewa, "very" da "extremely" suna ƙarawa. Kalmomin da suka riga suka kai ƙarshe, irin "furious" da "delighted", ba sa son "very", sai "absolutely". Babban abin kiyayewa shi ne "too". Mu mun saba yabo da ita, a ce mutum "too much". A daidaitaccen Turanci "too" wuce kima ne da ya zama aibi. "She is very patient" yabo ne. "She is too patient" na nufin haƙurin ya yi yawa har ana cutar ta.

Mataki na 6: Ka duba kunnen da zai ji

Wajen kiran mutumin a gabansa, ko a saƙon da za ka tura masa, kusan sifa ɗaya ce ke da lafiya, "valued", wato mai daraja a wurinku. Bankunanmu suna son "esteemed customer", kuma a gida ta zauna, amma ga ɗan Landan tana jin tsohon yayi. In ka san sunansa, sunan ya fi duka biyun. Kada ka siffanta masa yanayinsa. "You are angry" da "calm down" ƙara wa wuta fetur ne. Ka ɗora sifar a kan lamarin: "I can see this is frustrating", ko "I understand this is disappointing".

A ganawar neman aiki ana yawan cewa ka ba da labarin "a difficult customer" da ka taɓa fama da shi. Su ne suka ce "difficult", kai kada ka ƙara gishiri. Ka amsa da "frustrated" ko "unhappy", ka faɗi dalili, ka faɗi abin da ka yi. Ba halin kwastoman suke son ji ba, bakinka suke saurare.

A rahoton kamfani za ka ci karo da wasu sunaye na musamman. Akwai ma'aunin da wani masanin kasuwanci, Fred Reichheld, ya fito da shi a 2003, ana kiransa NPS, inda ake tambayar mutum daga 0 zuwa 10 yaya yiwuwar ya tallata ku ga abokinsa. Masu 9 da 10 "promoters", masu 7 da 8 "passives", daga 0 zuwa 6 "detractors". Wato wanda ya ba ku 6, da ɗalibi zai yi murna da ita, a nan cikin masu kushe aka sa shi. Akwai kuma rabon da masanin zamantakewa Everett Rogers ya yi wa mutane a 1962 game da karɓar sabon abu: "innovators", "early adopters", "early majority", "late majority", sai "laggards", 'yan sahun ƙarshe, kashi 16 cikin ɗari. Waɗannan na tebur ne da jadawali, ba a kiran mutum da su.

In ka ji Bature ya ce wani "a tough customer" ne ko "a cool customer", ba lallai ne ciniki ake ba. Salon magana ne, na farko mutum mai wuyar sha'ani, na biyu wanda ba ya razana.

Mataki na 7: Ka rubuta bayanin, kowace sifa da hujjarta

Abin da ka shigar a kwamfutar kamfani ba sirrinka ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, da ta Tarayyar Turai da ake kira GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, duk sun ba mutum damar neman ganin bayanan da aka ajiye a kansa. Ko babu doka ma, allon kwamfutar yana fuskantar kantar shago, mutum na iya leƙowa. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta.

Tsarin da ya fi aiki shi ne: matsayi, biya, hali ɗaya da ya shafi aiki, yanayin yau tare da "because", sannan abin da za a yi. A ce shagon kayan sola ne. Wani Alhaji da ya daɗe yana saro kaya a wurinku ya dawo da batir da ya daina riƙe caji, an yi masa alƙawarin canji ranar Litinin, ga shi Laraba ta yi babu labari. Ya zo ya ɗaga murya har na shagon kusa suka leƙo. Yaron shago da ransa ya ɓaci zai rubuta:

"This customer is very stubborn and troublesome. He is always shouting. He is too stingy."

Wanda ya karɓi aiki da yamma ya karanta wannan, me ya samu? Bai san batir ba, bai san alƙawari ba, abin da ya koya kawai shi ne ya ɗaure fuska in ya hango Alhajin. "Always" ɗin ma ƙarya ce, yau ne kawai. Ga yadda ya kamata:

"Long-standing wholesale customer, prompt payer. Particular about warranty terms. Frustrated today because the replacement battery promised for Monday has not arrived. Raised his voice but was not abusive. Prefers calls to text messages. Please call him before noon on Thursday."

Layin farko ya gaya wa mai karatu cewa wannan ba wanda za a yi sake da shi ba ne. "Particular about warranty terms" ta ce a riƙe takardar garanti a hannu kafin a ɗaga waya. "Because" ta mayar da laifin inda yake, wato wajenku. Ɗaga muryar ma ba a ɓoye ba, an faɗe ta a matsayin abin da ya aikata, ba a matsayin sunansa ba.

Wannan ba yana nufin a riƙa shafa wa kowa mai ba. Akwai wanda zai zagi ma'aikaci ko ya yi barazana, kuma Turanci yana da kalmomin da aka tanada don haka: "abusive" ga zagi da cin zarafi, "aggressive" ga wanda ya taso kamar zai kai hannu, "threatening" ga mai barazana. Saboda nauyinsu, kamfani na iya rufe asusun mutum ko ya hana shi shiga a kansu, don haka ba a amfani da su don an ji haushi. In abin ya kai nan, ka rubuta ranar da lokacin, ka kawo ainihin kalmomin da ya furta kamar yadda ya faɗe su, ko da Hausa ne, ka ambaci wanda yake wurin, sannan ka tura wa manaja kafin ka tashi daga aiki.